Rabin Sakan Da Ya Tona Asirin Ɓarawo

A ranar Jumma'a, 29 ga watan Maris na 2024, wani injiniyan kwamfuta Bajamushe mai suna Andres Freund, wanda ke zaune a ƙasar Amurka yana yi wa kamfanin Microsoft aiki, ya fitar da wata sanarwa da ta hana masana tsaron kwamfuta barci a ko'ina cikin duniya. Ya ce ya gano wata ɓarauniyar hanya da aka haƙa a ɓoye cikin wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda aikinta shi ne matse bayanai don su rage cin wuri, wadda kuma da wuya a sami kwamfuta mai aiki da Linux da ba ta ɗauke da ita. Da a ce wannan ɓarna ta isa inda masu ita suka nufa, da sun mallaki mabuɗin shiga ɗimbin manyan kwamfutoci, irin waɗanda bankuna da gwamnatoci da kamfanonin sadarwa ke dogara da su, ba tare da kowa ya tambaye su kalmar sirri ba.

Abin mamaki a nan shi ne, Freund ba farautar ɓarayi ya fita ba. Awo yake yi. Sana'arsa ita ce inganta wata manhajar adana bayanai da ake kira PostgreSQL, kuma a lokacin yana gwada gudunta ne a kan wani sabon zubin Debian, ɗaya daga cikin rassan Linux, zubin da ba a gama tacewa ba tukuna. Mai irin wannan awo kuwa yana bukatar kwamfutarsa ta yi tsit, kada wani aiki na gefe ya riƙa shan ƙarfinta har ya gurɓata masa lissafi. Garin share fage ne ya lura cewa mai gadin ƙofar kwamfutar, watau manhajar da ke tantance masu neman shiga daga nesa, yana cin ƙarfin inji fiye da kima. Da ya sa ma'auni, sai ya ga abin da a da ke ɗaukar sakan 0.299 yanzu yana ɗaukar sakan 0.807. Bambancin rabin sakan ne da ɗan abin da ba a rasa ba.

Mutane dubu za su ga irin wannan jinkiri su ɗora wa layin sadarwa laifi, su wuce abinsu. Shi kuwa da yake ya san yadda injinsa ya saba gudu, ya ƙi wucewa. Ya bi sawun wannan rabin sakan har ya kai shi ga zubi na 5.6.0 da na 5.6.1 na xz, waɗanda aka fitar a watannin Fabrairu da Maris na shekarar. Wanda ya fitar da su, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, Lasse Collin, har ya sami amincewarsa. Da aka zo kimanta haɗarin, sai aka ba shi maki 10 cikin 10. An yi sa'a abin bai riga ya shiga zubin da manyan ma'aikatu ke amfani da shi ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wannan labari ya isa ya nuna cewa auna gudun kwamfuta ba wasan yara masu son alfahari da sabon inji ba ne. Al'amari ne na amana, kamar yadda mudu da sikeli suke a kasuwa, kuma ya shafi duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi kwamfuta ko waya.

UWAR MANHAJA DA BUƊAƊƊEN LITTAFI

Kowace kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfen da ake gani ake taɓawa: ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, da faifan ajiya, da batir. Akwai kuma manhaja, watau umarnin da aka rubuta don ƙarfen ya bi. A cikin manhajojin akwai uwa, wadda take kamar sarkin tasha: ita ke ba kowane aiki layinsa, ta yanka masa lokacin da zai yi a kan ƙwaƙwalwa, ta nuna masa inda zai ajiye kayansa. Windows uwar manhaja ce, haka nan Linux.

Cikin 1991 ne wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna GPL, wadda ta ba kowa damar karanta ainihin rubutun manhajar, ya gyara, ya rarraba, muddin shi ma zai bar gyaransa a buɗe ga waɗanda ya rarraba wa. Bambancinta da manhajar da kamfani ya kulle ke nan. A rufaffiyar manhaja, in inji ya yi nauyi, iyakar mai shi ya yi ƙorafi ya jira. A buɗaɗɗiya kuwa, mai ilmin abin yana iya buɗe littafin ya bi layi-layi har ya ga inda lokaci ke zurarewa, kamar yadda Freund ya yi.

TAKU BA SHI NE TAFIYA BA

Tun da aka fara sayar da kwamfuta ake fama da tambaya guda: yaya za a san wadda ta fi gudu? Masu sayarwa sun fi son ambaton bugun agogon ƙwaƙwalwa, wanda ake ƙirgawa da gigahaz, watau bugu biliyan ɗaya a sakan. Amma yawan taku ba shi ne nisan tafiya ba, gama jaki yana iya yin taku biyu kafin raƙumi ya yi ɗaya, raƙumin kuma ya riga shi isa zango. An ga haka ƙarara tsakanin 2003 da 2006. Ƙwaƙwalwar Pentium 4 ta kamfanin Intel ta haura gigahaz 3, har ta kai 3.8, amma Athlon 64 ta kamfanin AMD, mai bugun da bai wuce 2 da 'yan kai ba, takan kama ta ko ta wuce ta a ayyuka da dama. A 2004 Intel ya soke shirinsa na fitar da mai gigahaz 4, sa'an nan a 2006 ya fito da Core 2, wadda bugunta ya yi ƙasa da na Pentium 4, amma aikinta ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Shi kansa Torvalds ya yi wa wannan al'ada ba'a. A 1993 ya sa wa Linux wani ɗan ma'auni da ke ƙirga sau nawa ƙwaƙwalwa za ta iya zagaya wani da'irar da babu aikin komai a cikinta a sakan guda. Bukatarsa ita ce uwar manhaja ta san tsawon ɗan jiran da za ta riƙa yi wa wasu na'urori. Da yake ya san mutane za su ɗauki lambar su shiga gasa da ita, sai ya raɗa mata suna BogoMips, watau awon bogi. Duk da haka an sami masu yin tutiya da ita shekara da shekaru.

Saboda haka masana suka ce, maimakon a ƙirga taku, a ɗora wa kowane inji kaya iri ɗaya a ga wanda zai riga kai wa. A 1972 aka ƙirƙiro ma'aunin Whetstone a Ingila don lissafin kimiyya. A 1984 Reinhold Weicker ya fito da Dhrystone don ayyukan yau da kullum. A 1988 wasu kamfanonin ƙera kwamfuta suka kafa ƙungiyar SPEC don su yarda da mudu guda. Wanda ya fi su shahara shi ne Linpack, na Jack Dongarra, wanda ya samo asali tun 1979, wanda kuma ke ba inji wani gagarumin lissafi ya warware. Da shi ake jera giwayen kwamfutoci 500 na duniya, jerin da aka fara a watan Yuni na 1993, ake kuma sabunta shi sau biyu a shekara. A watan Nuwamba na 2017 aka wayi gari duka 500 ɗin da Linux suke aiki.

To, amma a nan ma akwai darasi. A 2022 wata kwamfuta mai suna Frontier, da ke Oak Ridge a Amurka, ta zama ta farko a jerin da ta haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan ɗaya. In aka ƙirga da miliyan sau biliyan, makinta a Linpack 1,102 ne. Da aka ɗora mata wani ma'aunin mai suna HPCG, wanda ya fi kama da ayyukan da masana kimiyya ke yi a zahiri, inda inji ke yawan kai da kawo tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiya, sai ta sami 14. Inji ɗaya, ma'auni biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane mudu abin da aka yi shi dominsa yake aunawa, kuma ba a auna man gyaɗa da kwanon awon gero.

MASU TAUYE MUDU

Duk inda ma'auni ya zama hanyar samun ciniki, sai an sami masu bubbuge gindin mudu. A 2013 wata mujallar fasaha ta Amurka mai suna AnandTech ta gano cewa wani samfurin wayar Galaxy S4 ta kamfanin Samsung yana gane sunayen manhajojin awo. In mai waya yana wasanninsa, sashen sarrafa hoto ba ya wuce bugu miliyan 480 a sakan. Da zarar an buɗe ɗaya daga cikin waɗancan manhajoji, sai ya haura 530. Maganar awon wannan waya ta kai kotu a Amurka, kuma a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 13.4 don a sasanta. A 2018 kuma masu ma'aunin 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu, bayan da suka sake wa manhajarsu suna suka gwada, suka tarar makin da wayoyin ke samu a ƙarƙashin sanannen sunan ya ɗara na ɓoyayyen sunan da abin da ya kai kashi 47 cikin ɗari. Waɗannan wayoyi Android ke tafiyar da su, Android kuwa a kan Linux aka gina ta, amma dabarar ba a buɗaɗɗen ɓangaren aka sa ta ba, a ɓangaren da kamfani ya ƙara da kansa take.

Akwai kuma wata hanyar da ta fi wannan wuyar ganewa. Duk manhajar da mutum ya rubuta sai ta bi ta hannun wata manhajar, wadda take kamar tafinta, ta juya rubutun zuwa harshen inji. In tafinta ya karkata, shari'a ta karkata. A watan Disamba na 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhumi Intel da abubuwa da dama, ciki har da cewa tafintansa yana fitar da manhajar da ke bin doguwar hanya in ta sami kanta a kan ƙwaƙwalwar wani kamfani. A 2010 aka sasanta, aka wajabta wa kamfanin ya riƙa bayyana wa masu saye wannan bambanci. Har wa yau, a farkon 2024 ƙungiyar SPEC ta yi wa sakamako fiye da 2,600 alamar gargaɗi, saboda ta gano tafintan da aka yi amfani da shi an koya masa wata dabara da ba ta amfanar komai sai wasu tambayoyin jarrabawar kanta. Daidai yake da ɗalibin da ya haddace amsa, bai san karatun ba.

SHARUƊƊAN AWO NA GASKIYA

Maganin wannan cuta shi ne mudun da kowa zai iya ɗauka ya juya, ya leƙa gindinsa. A 2004 wani Ba'amurke mai suna Michael Larabel ya kafa wata kafar labarai mai suna Phoronix don gwada na'urori a kan Linux, a 2008 kuma ya fitar da tarin gwaje-gwajensa kyauta, a buɗe, da sunan Phoronix Test Suite. Ba tambayoyin ƙirƙira kaɗai ke ciki ba, har da ayyuka na gaske: matse bayanai, juya hoton bidiyo daga wani tsari zuwa wani, fassara rubutun Linux kanta zuwa harshen inji, da amsa tambayoyi daga rumbun bayanai. Manhajar takan maimaita gwaji aƙalla sau uku, in kuma sakamakon ya yi nisa da juna ta ƙara. Tana kuma rubuta sunan kowane ƙarfe da ke cikin injin, da zubin uwar manhaja, da na tafinta, domin wanda ke wata ƙasa ya iya maimaita gwajin ya gaskata ko ya ƙaryata.

Daga nan za a iya tsamo sharuɗɗan da masu wannan sana'a suka yarda da su. Na farko, a faɗi komai game da injin da yadda aka saita shi. Na biyu, a maimaita, gama awo guda ba hujja ba ne. Na uku, in za a kwatanta abu biyu, abu ɗaya tak za a canza, sauran su zauna yadda suke. Na huɗu, a auna irin aikin da za a yi da injin, gama mai buga takardu da mai haɗa fim ba bukatarsu ɗaya ba. Na biyar, a bar gwajin ya daɗe. Ƙwaƙwalwar zamani takan zabura da ƙarfi na ɗan lokaci, sau da yawa ƙasa da minti guda, sa'an nan ta sassauta don kada ta yi zafi. Faifan ajiya na zamani shi ma yana da wata 'yar ma'ajiya mai sauri a bakinsa, in ta cika sai rubutu ya koma tafiyar hawainiya. Gajeren gwaji zaburar kawai yake gani.

Amfanin wannan tsari ya sha bayyana. A watan Janairu na 2018 aka bayyana wasu kurakurai biyu a ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka kira su Meltdown da Spectre, waɗanda ke iya ba wata manhaja damar leƙa sirrin wata. Toshe su ya rage wa injuna gudu. Tambayar da ta dami kowa ita ce, ragin nawa ne? Da yake gyaran na Linux a fili aka yi shi, kuma ana iya kunna shi a kashe shi, masu awo sun gwada da kansu, suka nuna cewa wasu ayyukan kusan ba su ji komai ba, amma masu yawan kai da kawo wurin uwar manhaja, irin su rumbunan bayanai, sun ji a jikinsu. Tun daga lokacin, sakamakon da bai faɗi ko kariyar a kunne take ko a kashe ba, sakamako ne mai giɓi.

A watan Satumba na 2022 kuma wani injiniyan AMD mai suna K Prateek Nayak, shi ma wajen awo, ya gano cewa wani ɗan jira da aka sa wa Linux tun 2002, domin lallashin wasu tsofaffin na'urori, yana nan yana ɗaure wa sababbin ƙwaƙwalen AMD ƙafa a wasu ayyuka. Shekara ashirin ana biyan harajin da mai karɓarsa ya daɗe da barin gari. Wanda ya rubuta gyaran da ya shiga zubi na 6.0 kuwa, Dave Hansen, ma'aikacin Intel ne, watau abokin hamayyar AMD. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Sai dai kada a ɗauka cewa buɗe littafi kaɗai ya wadatar. Ita ma xz buɗaɗɗiya ce, amma an ɓoye gubar a cikin wasu fayilolin gwaji da suka yi kama da tarkace, aka kuma sa makunninta a cikin ƙunshin da ake rarrabawa, inda ido bai cika kai wa ba. Mutum guda ne ya yi shekaru yana ɗauke da nauyin manhajar ba tare da albashi ba, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. Buɗewar ta ba Freund damar bin sawu har ramin, amma abin da ya fara ɗaga masa hankali shi ne lambar da ya gani ta saɓa wa wadda ya sani. Littafin da ke buɗe ba mai karantawa, da rufaffe duk ɗaya ne.

INA RUWAN MAI SAYE A NIJERIYA?

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen Turai da Amurka ne. To, amma kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwar Computer Village ta Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, da yawansu kwance ne da aka yi aiki da su a can kafin su iso nan. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya sanya ranar 14 ga Oktoba na 2025 ta zama ranar ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ga shi kuma Windows 11 ba ta yarda da galibin ƙwaƙwalen da suka girmi zubi na takwas na Intel ba. Duk injin da ofisoshin can suka ajiye saboda wannan dalili, kasuwar kwance zai nufa. A cikinsu akwai masu sauran ƙarfi da za su yi shekaru suna aiki da Linux, akwai kuma waɗanda suka gama yawo. Fenti da goge-goge ba za su bambanta su ba, haka ma takardar da aka liƙa a jiki. Ƙwaƙwalwar Core i7 ta 2012 ba ta kama ƙafar Core i3 ta 2022 ba, ko da yake bakwai ta fi uku a lissafi.

Ba a cinikin biri a sama, kuma mai saye yana da makami a hannunsa wanda ba ya bukatar ko kwabo. Ana iya zuba Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, a kan 'yar filash, a tayar da kwamfuta daga kanta ba tare da an taɓa abin da ke cikin faifan mai kaya ba. Wanda bai iya ba sai ya tafi da wanda ya iya, a kuma tanadi kayan gwajin tun daga gida. Umarnin lscpu zai faɗi ainihin sunan ƙwaƙwalwar, ba wanda aka liƙa ba. Umarnin smartctl zai karanto littafin da faifai ke rubuta wa kansa, ya faɗi sa'o'in da ya yi a kunne da wuraren da suka lalace a jikinsa. Shekara guda sa'a 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna sa'a 26,000 ya yi kusan shekara uku cur yana aiki, ko da an rantse cewa jiya aka ɓare shi. Memtest86+ yana bin ram gida-gida yana neman inda ta ruɓe. Umarnin upower zai nuna cajin da batir ke ɗauka yanzu da wanda aka ƙera shi ya ɗauka, in ya koma rabi sai a rage kuɗin sabon batir daga farashi.

Gwajin da ya fi muhimmanci a ƙasa mai zafi shi ne na juriya. Manhajar stress-ng takan ɗora wa ƙwaƙwalwa aiki iyakar ƙarfinta. A bar ta minti goma sha biyar ana duban zafi da bugun agogo. Galibin ƙwaƙwalen kwamfutar cinya sukan rage gudu da kansu in zafinsu ya doshi digiri 100. Injin da fankarsa ta cushe da ƙura zai yi rawar gani a minti na farko, a na biyar ya fara ja da baya, wani ma ya mutu ɗungurungum. Wanda ya yi haka a shago mai na'urar sanyaya ɗaki, yaya zai kasance a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin gari kansa ke haura digiri 40? A kuma gwada shi a jone da wuta, a sake gwadawa a kan batir, domin injuna da yawa sukan rage ƙarfi in an zare su, wutar lantarki kuwa ba kullum take nan ba. Mai sayen filash ko katin waya shi ma yana da f3, wadda ke cika ma'ajiyar da bayanai sa'an nan ta karanto su, ta haka take fallasa ta bogi da aka rubuta wa girman da ba ta da shi.

Ko waɗannan ma'aunai ma ana iya yi musu wayo. A farkon 2025 wata kafar labaran fasaha ta Jamus ta bayyana cewa wasu 'yan damfara sun goge sa'o'in tsofaffin faya-fayai sun sayar da su a matsayin sababbi. Abin da ya tona su shi ne wani littafi na biyu da faya-fayan ke ajiyewa, wanda sabon zubin smartctl ke iya karantawa. Don haka ba a tsayawa a kan shaida guda.

In wannan ya zama wajibi ga mai sayen inji ɗaya, to, ya fi wajaba ga mai sayen ɗari biyu. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma injin da ya ƙage ana tsakiyar jarrabawa yana iya jawo wa ɗalibi asarar shekara. Makarantu, da asibitoci, da ma'aikatun gwamnati suna sayen kwamfutoci da kuɗin jama'a. Ya kamata takardar kwangila ta wuce ambaton sunan ƙwaƙwalwa da yawan ram, ta faɗi gwajin da za a yi, da makin da ake bukata, da tsawon lokacin da inji zai jure. Ranar kawo kaya kuma a zaɓi wasu daga cikinsu a gwada a gaban kowa kafin a sa hannu a biya. Kayan gwajin kyauta ne, kuma ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan za su iya wannan aiki in an ba su dama.

Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin tsoron a gwada kayansa, hasali ma riba ce gare shi, gama ita ce hanyar da zai bambanta da maƙwabcinsa mai algus. Wanda ya hana a sa filash a injinsa na rabin sa'a, ya riga ya ba mai saye amsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya saba auna injinsa tun yana lafiya, shi ne zai gane ranar da rabin sakan ya ɓace.